Ido Biyar, Lungu Shida

Kwamiti ya zauna ran Talata har kofi ya huce,
aka ƙirga kuɗin sau biyu, ba su ƙaru ba.
Kyamara biyar, in ji Hallveig, ko rabi ba ƙari.

Ni ke riƙe da mabuɗin tafkin iyo na garinmu,
can arewacin Aisilan, bakin teku,
inda rana ke leƙowa a watan Disamba
kamar baƙon da ya ƙi cire takalmi.

Torfi mai haɗa waya ya iso da tsani a kafaɗa,
fensir a kunne, taswira a naɗe.
Ɗaya a ƙofar shiga, ya ce, wannan ba sai an yi shawara ba.
Ɗaya a ɗakin inji, inda famfo ya yi ƙafa bara.
Ɗaya ta sa ido kan ruwan yara.
Ɗakin canza kaya kuwa,
Hallveig ta buga tebur tun ba a buɗe baki ba.

Ruwanmu da zafinsa yake fitowa daga ƙasa.
Torfi ya dubi tururi ya tsaki:
in na sa ta ƙasa, gilashinta zai yi gumi,
in na ɗaga ta sama, sai dai ta ƙirga mana sanƙo.

Saura biyu, wuri uku:
zurfin tafki, filin motoci, shingen baya.

A shingen baya ya durƙusa.
Waya ta lanƙwashe daidai faɗin mutum,
ga sawu a ƙanƙara, ƙarami, mai zuwa da mai komawa.
Ga ɓarawonku nan, ya ce, yana zana da'ira.
Na yi shiru ina gyara hula.

Na san mai sawun.
Bogumila ce, mai feɗe kifi a masana'anta,
shekara hamsin da biyu, ba ta taɓa sakin jiki a ruwa ba.
Tun da ɗanta ya hau jirgin kamun kifi
take ratso shinge in na kashe fitila,
ta kama bakin tafki da hannu biyu
tana dukan ruwa da ƙafa, tana ƙirga da harshen garinsu.
Tabarau na manta wani dare, na dawo na ganta.
Wata uku ke nan ban ce uffan ba.

Na kwana ina juya abin.
In ido ya ganta, da safe kwamiti ya ganta,
kunya ta mayar da ita gida har abada.
In ba ido, ranar da yatsunta suka zame fa?
Sai na tuna ko da idon,
ba wanda ke gaban allo da ƙarfe sha ɗaya na dare.
Kyamara ba ta da hannu.
Iyakarta ta faɗa mana gobe
minti nawa aka yi.

Da gari ya waye, in wannan ma wayewa ce,
na ce wa Torfi: zurfi da filin motoci.
Shingen fa? Na ce ina da filaya a gida.
Ya dube ni, ya goge da'irar da babban yatsa,
ta bar baƙin tabo a takarda.

Na tare ta a ƙofar masana'anta, ana tashi.
Na ce ran Litinin za a kunna idanu,
ni kuma aiki ya yi mini yawa kwanan nan,
ba na rufe ƙofa sai sha biyu.
Ta daɗe tana kallon takalmanta na roba.
Mota ta wuce, wata ta wuce.
Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba:
in kai ya nutse,
ta hanci ake fitar da iskar, ko ta baki?